Agogon motsa jiki: shawarwarin masu gudu da masu keke

Wani ƙorafi da masu gudu da masu keke ke yawan yi game da agogon shi ne na kuskure wajen auna bugun zuciya. Da koren haske agogon ke auna shi a wuyan hannu, to idan ka riƙe kan keke, hannu a lanƙwashe, ga jijjigar hanya, sai lissafin ya rikice. Shawarar da aka fi amincewa da ita, ni ma ita nake goyon baya, ita ce a sayi ɗamarar ƙirji mai auna bugun zuciya a haɗa da agogon. Marar hali kuwa ya ɗaure agogon tamau, sama kaɗan da ƙashin wuyan hannu.

Sai GPS, wato na'urar gano wurin da mutum yake: a jira ya kama sigina kafin a tashi, domin dogayen gine-gine da bishiyoyi kan ruɗa shi. Batir kuma, rage hasken fuskar agogon yana sa ya daɗe.