An ba mu kuɗin sayen na'urori, amma ta ina makaranta ke farawa?

Mataimakiyar Shugaba:

Assalamu alaikum malamai. Ni mataimakiyar shugaban makarantar sakandare ce, ɓangaren karatu ne a hannuna, kuma har yanzu ina shiga aji ina koyar da kimiyyar halittu. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibanmu ta tara mana kuɗi, ta ce a kashe su a "fasahar zamani". Iyakar abin da suka rubuta ke nan.

Wani dillali ya zo ya nuna mana kayansa. Ya kunna hoton zuciyar ɗan Adam tana bugawa a kan gilashi, yana juya ta da yatsa, yana buɗe ɗakunanta huɗu ɗaya bayan ɗaya, malamai sai tafi suke. Ni kaina abin ya burge ni, domin shekara da shekaru da alli nake zana zuciyar nan, kuma zanen nawa ba ya kama da komai. Tun daga ranar kwamitinmu ya kafe: a saya wa kowane ɗalibi na aji ɗaya kwamfutar hannu.

Hankalina dai bai kwanta ba. A bayan ofishina akwai ɗaki cike da kwamfutocin tebur da aka kawo tun kafin a turo ni nan. Rabinsu ba sa tashi, makullin kuma yana aljihun mutum ɗaya, ranar da bai zo ba ɗakin a garƙame yake. Malamar da ta fi kowa iya koyar da lissafi a wurinmu, in za ta aika saƙo ta waya 'yarta ce ke rubuta mata. Shugaba ya ce in kawo tsari a rubuce kafin zaman kwamiti na gaba. Waɗanda suka taɓa bin wannan hanya, me ya kamata ya zo a shafin farko?

Tsohon Hedimasta:

Wa alaikumus salam. Malama, rashin kwanciyar hankalin nan naki shi ne abu mafi amfani da kwamitinku ke da shi yanzu, kada ki bari a kashe miki shi da tafi.

A shafin farko kada sunan na'ura ko ɗaya ya fito. Ki rubuta matsalar karatu guda ɗaya da ke ci muku tuwo a ƙwarya. Yaran aji ɗaya ne ke shigowa ba su iya rarraba lamba ba? Ko ɗakin gwaje-gwaje ne babu, ana koyar da kimiyya da baki? Kowace amsarta daban. Ta biyun, majigi ɗaya da kwamfuta ɗaya a hannun malami na iya wadatar da aji guda, ba sai an ba kowane yaro tasa ba.

Manya sun riga ku gwada abin da kwamitinku ke so. A 2005 wani malamin jami'a a Amurka, Nicholas Negroponte, ya fito da shirin kwamfuta ɗaya ga kowane yaro, wadda aka yi wa laƙabi da kwamfutar dala 100. Ƙasar Peru ta sayi fiye da 800,000. Da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya bibiyi makarantun firamare 319 na karkara, ya fitar da sakamako a 2012: yara sun iya sarrafa na'urar sosai, amma makinsu a lissafi da karatun harshe bai motsa ba. An kai kaya, an bar malami yana koyarwa yadda ya saba.

A 2013 hukumar makarantun Los Angeles ta shiga shirin raba iPad na sama da dala biliyan 1. Cikin 'yan kwanaki ɗaruruwan ɗalibai suka gano yadda ake cire takunkumin da aka sa wa na'urar, suka koma Facebook da YouTube, darussan da aka ce suna ciki ma ba a gama haɗa su ba. A 2014 aka dakatar da kwangilar. To waɗannan ba kuɗi suka rasa ba, ba kuma wutar lantarki ba.

Yurugwai kuwa ta fara nata, Plan Ceibal, a 2007, ya zuwa 2009 kowane yaron firamaren gwamnati ya samu kwamfutarsa. Ko can ba a ga maki ya yi tsalle a shekarun farko ba. Bambancinsu shi ne sun kafa hukuma ta dindindin mai gyara, mai kai intanet, mai horar da malamai, shi ya sa da annobar korona ta rufe makarantu a 2020 suna da abin kamawa.

Malamar lissafin nan taku, ki sa ta a kwamitin. Duk abin da ba ta ga amfaninsa a darasinta ba, a sito zai ƙare.

Mai Gyaran Kwamfuta:

Ranka ya daɗe Baba ya gama magana a kan karatu, bari in faɗi nawa na bayan gida. Sayen doki ba shi ne wahala ba, harawarsa ce. In kuka zuba kuɗin duka a saye, kun gama da kanku.

Malama, ki tsaya a tsakiyar ajin ki ƙirga kafofin wuta da ke bango. Yawanci biyu ne, ɗaya a bayan kabad. Na'ura 40 a ina za su kwana suna caji, wa zai jona su da yamma, wa zai ƙirga su da safe? Batir yana fara gajiya bayan shekara biyu zuwa uku, gilashi na fashewa, bakin caji na sakin jiki saboda yara da ƙarfi suke cusa waya. Ki tambayi dillalin a rubuce: garantin shekara nawa, ya haɗa da fashewar gilashi, kuma in ta lalace shi zai zo ko ku za ku kai?

Sai ranar ƙarewar manhaja, wadda ba wanda ke kallo. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, don haka duk wanda ya kawo muku tsofaffin kwamfutoci da araha, a duba ko suna ɗaukar Windows 11. Chromebook ma, wato kwamfutar da ke aiki da manhajar Google, kowace na da ranar da sabuntawa ke tsayawa, ko da yake a 2023 Google ta tsawaita wa'adin zuwa shekara 10. Hoton zuciyar nan da ya burge ku, kyauta ne ko lasisi ne da ake sabuntawa duk shekara? Rahoton UNESCO na 2023 ya ce a Amurka kusan kashi biyu cikin uku na lasisin manhajojin karatu da aka saya ba a amfani da su.

In intanet ɗinku ba tsayayye ba ne, akwai manhajojin Kolibri da Kiwix, kyauta ne, ana zuba darussa da Wikipedia a kwamfuta ɗaya sauran su ja daga gare ta ba tare da data ba. Kafin komai ma ku kira mai gyara ya buɗe ɗakin bayan ofishinki. Sau da yawa ƙura ce da ɗan batirin da ke kan babban allon cikin kwamfutar.

Malamin Lissafi:

Ina girmama manya, amma kada a tsorata Malama har a mayar wa mutane kuɗinsu. Akwai inda abin ya yi aiki. A Delhi an gwada manhajar Mindspark da yaran ƙaramar sakandare, cikin wata huɗu da rabi aka ga ci gaba na fili a lissafi da harshen Hindi. Sirrin shi ne manhajar tana gano matakin da yaro yake a zahiri, ta ba shi tambaya daidai da shi, ko da ajinsa ya wuce nan. Malami ɗaya gaban yara 60 ba zai iya wannan ba, komai ƙwazonsa. Kuma ba kowane yaro aka ba tasa ba, zuwa suke cibiya suna karɓa-karɓa.

Ni da za a ji tawa: aji ɗaya, darasi ɗaya, zango ɗaya. A yi wa yara gwaji a farko, a maimaita a ƙarshe, a kwatanta da ajin da bai samu ba.

Mataimakiyar Shugaba:

Allah ya saka da alheri. Baba, na yi wa malamar lissafin magana, ta ce za ta shiga kwamitin in har horon zai kasance cikin lokacin aiki, ba ranar hutunta ba, kuma a kan darasin da za ta koyar a makon. Na ga gaskiyarta. Inda nake jin za a kai ruwa rana shi ne tsofaffin ɗaliban: suna son ranar miƙa kaya da ɗaukar hoto, kuma albashin mai gyara ko horon malamai ba ya fitowa a hoto.

Tsohon Hedimasta:

Ki ba su ranar hotonsu, Malama, hakkinsu ne, su suka tara. Amma ki gayyato biyu daga cikinsu su zauna a zaman kwamitin, ki buɗe musu ɗakin nan su gani da idonsu kafin a fara maganar kasafi. Sannan ki tambayi dillalin wace ma'ajiya sunayen yaranku da makinsu za su shiga, da wanda ke da ikon goge su in kun raba gari da shi. Ya ba ki amsar a takarda, da sa hannu.