Na'ura ɗaya tana shaƙe faifai, sauran suna jira

Ɗan Garwa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Sabar KVM ce (tsarin Linux mai gudanar da na'urorin kwaikwayo, wato VM, a cikin kwamfuta ɗaya), na'urori huɗu a kan faifai (hard disk) ɗaya mai juyi 7200 a minti. Da zarar guda ta fara kwafin ajiya sai sauran su daskare. Yaya ake sa mata linzami?

Injiniyan Marwa: Wa alaikumus salam. Malam, fara aunawa tukuna: `iostat -x 1` a kan uwar sabar, ka duba r_await da w_await, wato tsawon jiran karatu da na rubutu. Irin faifan nan da kyar yake wuce aiki 100 a daƙiƙa idan karatun a warwatse yake. Sai ka ba mai haɗamar kasonta (a nan `ajiya` sunan na'urar ne, `vda` kuma faifanta):

`virsh blkdeviotune ajiya vda --total-iops-sec 40 --total-bytes-sec 20971520 --live --config`

In ba ka sa `--config` ba, iyakar za ta tafi ranar da aka kashe na'urar. Kuma libvirt, wanda virsh ke aiki ta kansa, ba ya yarda a haɗa total-iops-sec da read-iops-sec.

Hajiya ta Njamena: Gaskiya ne, amma kar a matse fiye da kima. QEMU, manhajar da ke gudanar da na'urorin, ba ya zubar da buƙata, jinkirta ta yake yi a layi. Linux na cikin na'urar kuwa daƙiƙa 30 yake jira idan faifan nau'in SCSI ne. In layin ya wuce haka sai kurakurai su fara, har tsarin fayil na ext4 ya iya komawa karatu kawai. Ƙara `--total-iops-sec-max 100 --total-iops-sec-max-length 20` don ta samu sarari lokacin tashi.

Injiniyan Marwa: Haka ne Hajiya. Sannan da yadda wuta ke ɗaukewa a nan, kar ka kusanci cache=unsafe, domin yana watsi da umarnin flush, wato umarnin sauke bayanai a kan faifai. Sa cache=none.