Autarmu ta daina cin abinci, ta ce azumi take yi

Yayar Auta ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawara a kan ƙanwata, autar gidanmu, mai shekara 17. Tun da ta dawo daga makarantar kwana ta fara azumin Litinin da Alhamis, muna ta sa mata albarka, sannu a hankali azumin ya koma kusan kullum, kuma idan an sha ruwa ba ta wuce dabino ɗaya da rabin kofin kunu. Shekaranjiya na ɗaga katifarta zan yi shara, sai na tarar da malmalar tuwo uku ƙunshe a leda, har sun yi tsami. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ita ke riga kowa shiga kicin, ta yi girki mai daɗi, ta zuba mana, sannan ta zauna tana kallon bakinmu. Ƙasusuwan wuyanta sun fito, tana sa rigar sanyi da tsakar rana, al'adarta ta ɗauke wata uku, amma idan ta tsaya gaban madubi sai ta kamo fatar cikinta ta ce teɓa ce. Inna ta ce sammu ne, Baba ya ce taurin kai ne. Ta yaya mutum zai ji yunwa, ga abinci a gabansa, ya ƙi ci?

Malamin Jinya ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Alamomin da kika zayyana sun yi kama da cutar ƙin cin abinci saboda tsoron ƙiba da likitoci ke kira anoreksiya, wadda likitan Ingila William Gull ya raɗa wa suna a 1873, kodayake sai an duba ta an tabbatar ba tarin fuka ko ciwon sukari ke ramar da ita ba. Ƙanwarki tana jin yunwa. Tumbi yana fitar da sinadarin girelin mai tayar da yunwa idan ya zama wayam, kitsen jiki yana fitar da sinadarin leftin mai rage sha'awar ci, kuma wani ɗan sashe a ƙasan ƙwaƙwalwa mai suna haifotalamas shi ke karɓar waɗannan saƙonni ya umarci mutum ya ci ko ya dakata. Saƙon yana isa, sai dai tsoron ƙiba ya fi shi ƙarfi.

Girkin nan da ya ɗaure miki kai, yunwar ce ke sa shi. A 1944 zuwa 1945, a Jami'ar Minesota ta Amurka, wani masani mai suna Ancel Keys ya yi gwaji da maza 36 lafiyayyu waɗanda suka yarda aka rage musu kusan rabin abincinsu na tsawon wata shida, har suka zubar da kusan rubu'in nauyinsu. Mutanen nan sun koma ba su da zance sai na abinci, wasu suka shiga tara littattafan girki, suna ɗaukar dogon lokaci a kan ɗan abin da ke kwanonsu, ga jin sanyi, ga saurin fushi, ga gudun mutane, har sha'awar mace ta mutu a zukatansu. Wato yunwa mai tsawo da kanta tana sauya tunani, shi ya sa faɗa da lallashi ba sa shiga kunnen yarinyar da jikinta bai farfaɗo ba. Ku kai ta asibitin koyarwa ko na ƙwaƙwalwa a wannan makon, domin cutar tana kisa, sau da yawa ta hanyar raunana zuciya. Kada kuma ku yi mata ɗura a gida, saboda cika cikin wanda ya daɗe da yunwa farat ɗaya yana rikita gishirin da ke cikin jini har bugun zuciya ya lalace.

Hajiya daga Maraɗi ta amsa:

'Yata, Allah ya ba ta lafiya. Mu da muka taso ana ganin cikar jiki ita ce kyan mace, har maƙwabtanmu Zabarmawa suna da al'adar hangandi ta ƙibantar da mata, muna ɗauka wannan ciwo na Turawa ne. Mutanen tsibirin Fiji ma masu yabon ƙiba ne, amma bayan talabijin ta isa wani yankinsu a 1995, binciken wata likita mai suna Anne Becker ya gano cewa a 1998 kusan kashi 11 cikin 100 na 'yan matan makarantar da aka tambaya suna ƙaƙalo amai don kada su yi ƙiba, alhali a farkon binciken ba a sami ko ɗaya ba. Yau wayar hannu ta kawo mana abin da ya fi talabijin, wata tana shan sha-ka-fashe don ta cika zane, wata tana ƙin tuwo don ta yi shafal, kuma dukansu biyu bakin mutane ne ya raba su da jikinsu. Ki binciki ko an yi mata gorin ƙiba a makaranta, amma ki tambaye ta ku biyu kaɗai, ba a gaban kwanon abinci ba.

Ɗalibin Ilimi ya amsa:

Tun da da azumi ta fake, a sami malamin da take ganin girmansa ya zauna da ita. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Abdullahi ɗan Amr ɗan Asi ya ɗauki azumi kullum, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shi, ya ce masa jikinsa yana da hakki a kansa. Inna ta ci gaba da addu'a da tofi, wannan ba ya hana zuwa asibiti.

Yayar Auta ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Baba labarin mazan Minesota bayan sallar isha'i, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce in shirya ta ranar Litinin shi da kansa zai kai mu. Malam, in gaya mata na ga tuwon da ke ƙarƙashin katifa, ko in bari sai mun shiga wurin likita?