Wai in ba Mac ba ce, asarar kuɗi ce?

Auta: Assalamu alaikum. Shawara nake nema. Kwamfutata Windows 10 ce a kanta, na gwada ɗora Windows 11 ta ce ba ta cika sharaɗi ba. Ga shi na kusa fara karatun injiniyan kanikanci. Yaya ya ce in sayi MacBook in huta, wai duk wanda ya sayi wadda ba Mac ba ya yi asarar kuɗinsa. Da gaske ne?

Yaya: Wa alaikumus salam. Ni na faɗa, kuma ina nan a kan bakana. Tun da Apple ta fito da firosesarta M1 a Nuwamban 2020 aka gama magana. MacBook Air ko fanka babu a cikinta, ba ƙara, batir ya kai ki daga safe har yamma. Tawa shekararta huɗu, ko sau ɗaya ba ta ga mai gyara ba. Kuma Mac ba ta kamuwa da bayiros.

Gwaggo: Batirin na yarda. Maganar bayiros kuwa ka janye ta. A 2012 wata muguwar manhaja mai suna Flashback ta shiga Mac wajen 600,000. Ita kanta Apple ta dasa mai gadi a cikin macOS, sunansa XProtect. Wa ke ɗaukar mai gadi a gidan da ɓarawo ba ya shiga? Abin da ya sa aka fi jin kukan masu Windows shi ne sun fi yawa nesa ba kusa ba, ɓarawo kuma inda jama'a suka taru yake zuwa.

Yaya: To ai kin faɗa da bakinki, Gwaggo. Sun fi shan wahala. Muguwar manhajar nan WannaCry a 2017 wa ta kama in ba masu Windows ba? Har asibitocin Ingila sai da ta tsayar da aikinsu. Mac ko gezau.

Gwaggo: Ta kama waɗanda suka ƙi sabuntawa. Microsoft ta fitar da maganin kafar da WannaCry ta bi ta shiga tun watan Maris, harin ya zo a watan Mayu. Wata biyu maganin na ajiye ba a sha ba. Wannan ma shi ne abin da ya kamata ya dami Auta: tun 14 ga Oktoban 2025 aka daina bai wa Windows 10 sabuntawar tsaro ta yau da kullum, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi, shi ma na ɗan lokaci ne.

Kawu: Ku dakata, yara. Duk kuna rige-rigen kashe kuɗin da ba naku ba. Wa ya ce sai an sayi sabuwa? Auta, kwamfutarki lafiyarta ƙalau. Windows 11 ce ta gindaya sharaɗin TPM 2.0, wato wani ɓangaren tsaro na cikin kwamfuta, da firosesar Intel zubi na 8 zuwa sama, shi ya sa ta ƙi ki. Da tsohuwar zuma ake magani. Ki sa mata Linux Mint ko Ubuntu a madadin Windows, dukansu nau'in babbar manhajar Linux ne, kyauta ne, za ki ga ta miƙe kamar ba ita ba. Ubuntu mai dogon zango shekara 5 ake yi ana aiko mata da gyara.

Yaya: Kawu, Allah ya ba ka haƙuri, amma Linux ai ta masu son wahalar da kansu ce. Baƙin allo da rubuce-rubuce.

Kawu: Wannan labarin shekara ashirin da suka wuce ne. Abin da wani ɗalibi, Linus Torvalds, ya fara a Helsinki a 1991 shi ne yau ke ƙarƙashin kowace wayar Android. Manyan kwamfutoci 500 da suka fi sauri a duniya kuma, tun 2017 dukkansu Linux suke amfani da ita. Su ma wahala suke so?

Baba: Ni dai har yanzu ban ji abin da zan biya ba. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Gwaggo: Gaskiyarka, Yaya babba. Dukansu biyun daga wutsiya suka kamo zancen. Auta, ba babbar manhaja ake fara zaɓa ba. Ki duba takardar sashenku, waɗanne manhajoji za a koyar da ku da su?

Auta: Ga su nan: MATLAB, AutoCAD da SolidWorks.

Gwaggo: Madalla. MATLAB tana tafiya a kan duka ukun. AutoCAD akwai ta Windows da ta Mac, babu ta Linux. SolidWorks kuwa, wadda ake girkawa a kwamfuta, Windows kawai ta sani. Ita ce kuma za ki fi daɗewa a kanta wajen zanen sassan inji.

Yaya: Sai ta ɗora Windows a kan Mac ɗin mana. Ai ana yi.

Gwaggo: Ana yi a da. Boot Camp, wato hanyar ɗora Windows a kan Mac, na Mac masu firosesar Intel ne, ba ya aiki a kan M1 da ƙannenta. Abin da ya rage shi ne Parallels da makamantansu, su buɗe miki Windows a cikin taga. Ita ma Windows ɗin zubin ARM ce, wato wadda aka yi don firosesa irin M1, sai ta riƙa fassara umarnin manhajar kafin ta gudana. Wani lokaci abin ya tafi, wani lokaci ya cije, ga kuɗin lasisi a kai. Ka ce yarinya ta sayi kwamfuta mai tsada, ta ƙara kuɗi don ta mai da ita Windows, daren miƙa aiki kuma ta zauna tana addu'a?

Kawu: Akwai FreeCAD, kyauta, kuma tana zane mai kyau.

Gwaggo: Tana yi. Amma malami zai turo fayil ɗin SolidWorks ne, ya nuna maɓallan SolidWorks a aji, ya yi jarrabawa a kan SolidWorks. Ba ranar gwaji ake koyon fassara ba.

Kawu: To, a nan kam na sauka. Sai dai sharaɗi ɗaya: kada a jefar da tsohuwar. Ki sa Linux Mint a filash, ki tayar da kwamfutar daga kansa, ki gwada ba tare da kin goge komai ba. In ta yi miki, ta zama ta biyu, ta karatu da shiga intanet. Amma ki kwashe fayilolinki tukuna kafin ki danna girkawa, na ga wanda ya yi kuka a kan wannan.

Yaya: Ni dai ban sauka ba. Ku faɗa mata gaskiya game da Windows 11: sai ta matsa miki ki buɗe asusun Microsoft, ta cika miki fuska da tallar manhajojinta, kina tsakiyar aiki ta ce za ta sake tashi. Kuma kwamfutocin Windows ba ɗaya ba ne, akwai na kirki akwai kwashi-kwaraf. Mac kuwa abin da ka gani shi ka samu, in ka tashi sayarwa ma tana da daraja.

Gwaggo: Duk wannan haka yake, ni ma tallar nan na ba ni haushi. Da Auta haɗa bidiyo za ta yi da Final Cut Pro, ko rubuta manhajar iPhone, wadda Xcode, manhajar rubuta ta, sai a Mac, da ni zan fara ce mata ta bi ka. Abin da na ƙi shi ne "duk wanda". Ka kuma manta ka gaya mata RAM ɗin Mac na yanzu haɗe yake da firosesa, abin da ta saya da shi za ta zauna har ƙarshe.

Yaya: Siraran kwamfutocin Windows da yawa ma haka suke.

Gwaggo: Shi ya sa za ta tambaya kafin ta biya. Auta, rubuta: RAM gigabayit 16 aƙalla, in ana iya ƙarawa ya fi. Ma'ajiya SSD, ba mai faifai ba. Katin hoto na daban saboda zanen 3D. Ki tabbatar Windows ɗin ciki mai lasisi ce. Batirinta ba zai kamo na Yayanki ba, ki saba da yawo da caja.

Auta: Na rubuta, na gode. Kawu, filash mai girman nawa zan nemo?

Kawu: Gigabayit 8 ya isa.

Baba: Wato dai sabuwar ba makawa. Ku turo min sunayen guda biyu in duba.

Yaya: Baba, a sa MacBook ta zama ta uku a jerin, don Allah. A duba kawai.