Hutun haihuwa: wa ya bar ki, wa ya hana ki?

Yayar mai goyo, unguwar Zariya, Maradi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jiya na raka ƙanwata awo. Shekarunta 19, ga ɗan wata 10 a baya, ga ciki wata 4. Da ungozoma ta tambaye ta abin da ya hana ta ɗaukar hutu bayan arba'in, sai ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabi. Ba kuɗi ba ne, tun 2006 maganin tazarar haihuwa kyauta ne a likitocin gwamnati. Ba rashin sani ba ne kuma. Binciken ƙasar Nijar na 2012 ya nuna macen jihar Maradi kan haifi fiye da 8, Damagaram kaɗai ta ɗara mu. Don Allah kowa ta faɗi abin da ya same ta ita kanta, ban da an ce.

Uwar uku, Tibiri:
Wa alaikumus salam. Ni Inna ce, uwar maigida. Ta tsinci katina na tazarar haihuwa ƙarƙashin katifa, ta kira ni ɗakinta ta ce, "Ke da biyu kawai gare ki har kin gaji?" Kunya ta sa na bari. Wata 5 sai ga kwanika. Aka yaye yarinya ba shiri, zawo ya kama ta, ƙafafu suka kumbura, muka kwana 12 a ɗakin masu tamowa. Inna ce ta zauna da mu, ita ke ba ta madara da cokali. Ranar da aka sallame mu, a bakin ƙofa ta ce min, "Ɗiyata, in kin sauka lafiya ki huta." Ba na ganin laifinta. A zamaninsu mace kan tafi gidansu goyon ciki da wanka ta daɗe, hutun yana zuwa da kansa.

Mai ɗinki, Bagalam:
Nawa jini ne. Na yi allurar wata 3, jini ya riƙa ɗiga kusan kwana 20. Na rasa ko in yi salla ko in bari, ga azumi ya ƙarato, maigida ya fara tsaki. Ban koma ba, ban gaya wa kowa ba. Daga baya malamarmu ta Islamiyya ta ce abin da ya wuce kwanakin al'ada istihala ne, ba ya hana salla. Ungozoma kuma ta ce hakan na faruwa a farkon allura, ta mayar da ni ƙwaya. Da an yi min wannan bayani ranar farko, da ban sha wuyar nan ba.

Amarya, Sabon Gari:
Gaskiya ni kishiya nake kallo. Tana da maza 4. In na huta, da me zan tsaya a gidan?

Ɗaliba mai aure:
Ina ajin ƙarshe aka ɗaura min aure. Ni da maigida muka shirya in gama jarrabawa tukuna. Na je wata likita, ma'aikaciyar ta dube ni sama da ƙasa a gaban mutane ta ce in haihu ɗaya kafin in zo. Na fito ina hawaye.

Uwar biyu, wani ƙauyen Dakoro:
Mu nisa ne ya dame mu, kuɗin kabu-kabu zuwa da dawowa ya fi ƙarfina. Yanzu an koya min allurar tazarar haihuwa ta Sayana Press, ina yi wa kaina a cinya duk wata 3. Maigida da fari ya ƙi, yana cewa ƙayyade iyali ne. A zaman makarantar magidanta liman ya karanto musu ayar Baƙara ta shayarwa shekara biyu cikakku, ya dawo da kansa ya ce in je.

Yayar mai goyo:
Na gode, Allah ya bar zumunci. Na sake zama da ƙanwata da dare, ashe mijin ne bai taɓa jin zancen daga bakin namiji ba, ita kuma tana jin nauyin tayar da shi. Baban yara ya ce zai same shi ranar Juma'a bayan masallaci. Mai ɗinki, ki turo min ranar da malamarku ke karatu, zan kawo ta.