Neman shawara: A wane irin fayil zan adana girke-girken Hajiyarmu?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema. Mahaifiyarmu, Allah Ya ji ƙanta, ta bar mana girke-girkenta a rubuce, wasu a tsohon littafin makaranta, wasu a bayan katin biki, har da na bayan kalanda. Akwai alkaki, dubulan, nakiya, funkaso, duk kayan gara dai. Ni ce babba, shi ya sa suke hannuna, a ƙunshe cikin leda a saman firij. Jiya ina suyar alkaki na ajiye takardar kusa da kasko, mai ya fallatsa ya ɓata layin da ta rubuta awon tsamiya. Wallahi sai da na yi hawaye. Ga ƙanwata za a aurar bayan Sallah, ina so in haɗa mata nata. Wane fayil zan saya wanda zai jure kicin?

Maman Hanif: Wa'alaikumus salam, Allah Ya gafarta wa Hajiya. Mai zobe za ki saya, wanda ake buɗewa a ƙara takarda. Kada ki ɗauki mai ledoji a manne, irin wanda ake sa takardun makaranta. Shi na fara saya, mai leda 40. Da ya cika sai ga miyar taushe a tsakiyar cincin da gireba, babu halin gyara sai an zazzage komai. Ki nemi mai bangon roba, don na kwali da ya sha ruwa sau biyu ya gama yawo. Sai ki haɗa da ledojin nan masu huji a gefe, kowace takarda da gidanta, in mai ya taɓa ki goge da tsumma. In a Kano kike, masu kayan rubutu a kasuwar Sabon Gari suna da su. Ki buɗe zoben ki rufe a gaban mai shago, in bakinsu bai haɗu daidai ba ki ajiye masa kayansa, yagar leda zai riƙa yi.

Anti Rabi: Ni dai laminatin na yi wa nawa, ko a ruwa suka faɗa ba ruwana.

Ummu Safwan: Anti Rabi, a yi haƙuri, amma ban da rubutun hannun marigayiya. Laminatin da zafi ake yinsa, kuma in ya kama ya kama ke nan, ba a ɓare shi takarda ta fita lafiya. Ki yi fotokofi biyu, naki da na amarya, su za su zauna a kicin. Na asalin ki kai ɗaki inda gara da danshi ba sa kai wa, ki kuma ɗauke su hoto a waya. Sannan ki duba faɗin wurin ajiyarki. Fayil mai girman takardar A4 yana cin wuri, A5 rabinsa ne, sai dai ledarsa ta fi wuyar samu.

Maman 'Yan Biyu: Ku lura da tsatsa. Nawa kusa da wurin wanke-wanke na bar shi, damina ɗaya zoben ya yi ja ya shafa wa takardu.

Hajiya Babba: 'Yata, duk sun faɗi gaskiya, amma akwai abin da ya fi fayil gaggawa. Mu mutanen zamanin da, ba ma cika awo a rubutu. Za ki ga an sa "alkama gwangwani uku". Wane gwangwanin, na madara ko na tumatir? "Kanwa kaɗan" kuma, kaɗan ɗin wa? Uwarku a hannunta awon yake. In tana da 'yar uwa ko aminiyar da suka yi aikin biki tare, ki ɗauki takardun ki je ki zauna ku yi alkakin nan, tana zubawa kina aunawa da kofi da cokali. Ki rubuta a sabuwar takarda, ki sa ta a leda ɗaya da kwafin, baya da baya. Layin tsamiyar da ya ɓace ma a bakinta za ki samo shi.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Hajiya, kin tuna min da Gwaggonmu ta Zariya, ita ke zama gaban kasko duk bikin gidanmu. Ranar Asabar zan je in sha Allah. Maman Hanif, leda 100 za ta ishi fayil biyu, ko in ƙara?

Maman Hanif: Za ta isa, kowace leda tana ɗaukar takarda biyu ai.