Me za mu kira "like terms" da Hausa?

1/ Malamai 'yan'uwa, ku taya ni. Ina koyar da lissafi a wata ƙaramar sakandare kusa da Aliero. Jiya na rubuta 3x + 2x² a allo, wani yaro ya ba ni 5x³. Na ce me ya sa ka haɗa su? Ya ce: "Malam, ai kai ka ce a haɗa masu kama da juna." Laifina ne.

2/ Don haka na jefar da "masu kama". x da x² sun yi kama a ido amma ba sa haɗuwa, 4xy da 2yx kuwa tsarinsu ya bambanta amma 6xy suke bayarwa. "Dangi" ma bai yi ba, don x da x² ai dangi ne.

3/ Na leƙa asali. Aljabara, sunan wannan fanni na lissafi, daga Larabci take, al-jabr, wato gyaran karaya, ɗori ke nan, sana'ar da aka san Aliero da ita bayan albasa. Masanin lissafi Al-Khwarizmi ya rubuta littafinsa na aljabara a Bagadaza wajajen shekarar 820, kalmar da ke bin al-jabr a sunan littafin kuwa muƙabala ce: daidaita abubuwa iri guda da ke ɓangarori biyu na lissafi. Na so in ara, sai na tuna mu nan in ka ce muƙabala, malamai biyu ake hangowa da tarin littattafai ana jayayya.

4/ Abin da na tsaya a kai: kowane yanki da alamar tarawa ko ɗebewa ta raba, gaɓa ce, kamar gaɓar rake. Masu haruffa guda, kowane harafi da lambar samansa guda, "gaɓoɓi iri ɗaya". Aikin kansa: haɗa iri da iri.

5/ Na gwada yau da 5a + 3t + 2a − t. Suka ware buhun albasa gefe, kwandon tattasai gefe, suka samu 7a + 2t. Sai dai a kula, harafin "a" ba albasar ba ce, kuɗin buhu ne, lamba ce. In ba a faɗi haka ba, ranar da suka ga a sau t za su tambaye ka yadda ake ninka albasa da tattasai.

6/ Wata malama a ofis ta fi son "jinsi ɗaya". Ban ƙi ba, amma yaranmu 'ya'yan manoma ne, iri suke ji kullum. Na Gusau da Argungu, me kuke ce musu a aji?